Jarkar Man da Mero Ta Aika Birnin Kudu

Duk wanda ya taɓa sayen man gyaɗa a Gwaram ya san Mero mai inji, ko bai san sunanta ba ya san tabon da ya raba mata girar hagu gida biyu. Gajeriyar mace ce kakkaura, mai murya kamar tana kiran wani a gona ko da gaisawa kuke yi. In ka tambaye ta labarin tabon sai ta ce, "Inji ne," ta ci gaba da awon manta. Ba ƙarya ta yi ba, inji ne ya yanke ta, amma ba shi ya ji mata ciwon da ya fi ba.

A Surko aka haife ta, gidan Malam Iliyasu maƙeri. Ita ce ta fari, kuma an daɗe ba a samu namiji ba, don haka ita ta tashi tana yi wa uban zuga. Tun ba ta iya ɗaura zane da kyau ba ta san abin da maƙera ke kira shayarwa, wato tsoma ƙarfen da ya yi ja a wuta cikin ruwa ko mai don ya yi tauri. Malam Iliyasu ba ya wasa da wannan. Fartanya da lauje ruwa ya ishe su, amma ƙarfe mai kyau irin na tsohuwar mota, sai man gyaɗa. "Ruwa firgita shi yake yi," in ji shi, "ya yi tauri kamar kwalba, abu kaɗan ya tsage. Mai kuwa lallashinsa yake yi." Bayan shayarwa sai ya sake kanga ƙarfen a bakin wuta har ya yi launin zuma, don taurin ya sassauta. Kuma babu abin da zai bar maƙerarsa sai ya goga masa magagari ya kuma ɗan buga masa guduma ya ji amonsa.

Da aka samu namijin, Sada, bai kai yaye ba uwarsu ta rasu. Mero ce ta goye shi, ita ta dama masa koko, ita ta share masa majina, ita ta sha duka a kansa ranar da ya jefa wa tunkiyar maƙwabta dutse. Da aka yi mata aure Gwaram, kukan da ta yi na rabuwa da shi ne, ba da gida ba. Sada ya gaji ƙira, daga baya ya koma Birnin Kudu ya koyi walda, ya buɗe rumfarsa yana haɗa injinan markaɗe da na casa.

To, daga nan kunnen mutanen Gwaram ya shiga uku. Komai Mero ta gani mai kyau sai ta gwada shi da aikin ƙaninta. "Hannun Sada," shi ne wiridinta. Ƙofa ta ƙi lalacewa, hannun Sada. Murhu ya daɗe, hannun Sada. Matan unguwa har tsokanarta suke yi, wai in damina ta yi kyau Mero za ta ce Sada ne ya yi wa hadarin walda. Sai ta yi dariya ta ce su yi ta faɗa, ita dai ta san abin da ta goya.

Bayan rasuwar mijinta ta kama sana'ar mai gadan-gadan. Da hannu ta fara, tana juya markaɗaɗɗiyar gyaɗa a turmi da muciya har kafaɗunta suka fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Sada ne ya tausaya mata ya haɗa mata inji: tukunyar ƙarfe, muciyar ƙarfe a ciki, a sama kuma giya biyu, faya-fayan ƙarfen nan masu haƙora da ke cizon juna suna juya muciyar. Injin nan shi ya aurar da 'ya'yanta, shi ya rufa mata asiri, kuma matan unguwa duk nan suke kawo tasu gyaɗar. Babbar abokiyar aikinta Aishatu ce, maƙwabciyarta, wadda katanga kawai ta raba su.

Shekaru suka ja, haƙoran ƙaramar giyar suka cinye suka zama sirara, inji ya fara zamewa. Wannan ba laifin kowa ba ne, tsufa ne. Aishatu ta ce a aika Kano a sayo ta kamfani. Mero ta dube ta sama da ƙasa.

"Ina da Sada a duniya zan sa ƙarfen da ban san wanda ya shayar da shi ba?"

Ta kira shi a waya. Ya ce zai yanka mata sabuwa daga ƙarfen babbar mota, amma fa sai ta aiko da man gyaɗa, don baƙin man gareji duk datti ne da ruwa, shi kuwa yadda Baba yake yi zai yi. Daɗi ya kashe Mero, ta yini tana ba da labari. Ta zaɓi jarka ta wanke, ta cika ta da man farko, tatacce, wanda ko a kasuwa ba ta cika kaiwa ba. Ta ɗaura ƙyallen tsohon zanenta a hannun jarkar don kar a musanya, ta ba direban bas.

Giya ta iso baƙa wuluk tana sheƙi. Magagarin Malam Iliyasu yana nan cikin ɗakinta, shi kaɗai ta ɗauka a gadonsa. Ko tuna shi ba ta yi ba. Wa zai gwada aikin ɗan da ya goya? Aka ɗaura, inji ya tashi.

Ana tsakiyar kaka, gyaɗa ta cika gari, wata safiya gyaɗar Aishatu tana cikin tukunya, Mero ta sunkuya za ta ƙara ruwan zafi. Sai ji aka yi tas, kamar an harba bindiga. Haƙori ɗaya ya ɓalle ya yi tsalle ya tsaga mata gira, kaɗan ya rage ya samu idon. Wasu haƙoran suka bi shi, inji ya shaƙe ya tsaya. Jini ya wanke mata fuska.

Sada ya iso a babur da la'asar, bayan an ɗinke ta. Tsakar gida cike da mata 'yan jaje. Ya tsuguna ya dudduba giyar, ya girgiza kai.

"Yaya, kun cika wa injin nan kaya. Ai ba tarakta ba ce. Ko wane irin ƙarfe ne aka yi masa wannan lodin sai ya karye."

Mero ta ɗauki guntun haƙorin da aka tsinto. Wurin karayar fari tas, yana ƙyalli kamar gishiri. Wani abu ya ɗan motsa a zuciyarta, don ta taɓa ganin irin wannan farin a Surko. Ta yi maza ta danne shi. Sada ya ce lodi ne, to lodi ne. Har haƙuri ta ba shi, ta ce sun ɓata masa aiki. Sannan ta juya kan Aishatu, a gaban kowa, ta ce ita ce mai haɗama, ita ta ƙara gyaɗa lokacin da ita Mero ta juya baya. Aishatu ta rantse ba ta ƙara ba. Mero ta ce to Sada ne zai yi ƙarya? Aishatu ta kwashe kwanukanta ta fita tana hawaye, daga ranar ko sallama ta daina ratsa katangar.

Sada ya tafi da karyayyiyar giyar, ya ce zai yi wata in an gama hidimar suna, don matarsa Sadiƙa ta haihu a makon. Inji ya zauna shiru, mata suka kai gyaɗarsu wata unguwa.

Ranar suna Mero ta je Birnin Kudu da filasta a gira. Aka shigar da ita ɗakin mai jego, aka dire mata faranti cike da cincin da funkaso. Ta kai ɗaya baki ta ce kai, wannan man na kirki ne, a ina suka samu? Sadiƙa ta yi dariya.

"Yaya ke nan, har da tsokana. Ai naki ne. Allah ya saka da alheri, jarka guda cur. Tun kwanaki ya shigo da ita ya ce kin aiko gudummawar haihuwa, ni kuwa na ɓoye ban buɗe ba sai jiya."

Ta nuna bayan ƙofa. Ga jarkar nan, ga ƙyallen zanenta a hannun.

Mero ta mayar da ragowar funkason cikin faranti. Sadiƙa dai ba ta da laifi, da zuciya ɗaya take godiya. Ta ɗauki jariri ta yi masa addu'a, ta zauna aka yi ta hira a kanta. Ba ta taɓa jin baƙin ciki irin na wannan yinin ba, ko ranar da aka fita da gawar mijinta.

Washegari da safe ta same shi a rumfarsa. Karyayyiyar giyar tana jefe cikin tarkace. Ta ɗauko ta ɗora a kan maƙera, ta ɗauki ƙaramar guduma, ta ɗan bugi haƙori ɗaya cikin waɗanda suka rage, bugun da bai kai na fasa goro ba. Ya ɓalle ya faɗi. Ta bugi na kusa da shi, shi ma ya faɗi. Ta murza jikin giyar da yatsa, baƙin ya biyo yatsan.

"A me ka shayar da ita, Sada?"

Ya yi tsuru-tsuru, ya dubi ƙasa.

"Yaya, haihuwa ce ta matso, gidan babu komai. Na ga man, na ce ruwa ma zai yi. Wallahi ban zaci za ta karye ba."

"Ka sake kanga ta a wuta?"

Ya girgiza kai.

"Sai ka shafe ta da baƙin mai don in ga ta yi baƙi."

"Yaya, ki yi haƙuri, zan biya ki man."

"Man?" Muryar nan tata mai cika unguwa ta koma ƙasa. "Da ka ce mini mai kake so, duro zan aiko maka, in haɗa da ƙuli. Wane abu nawa ne ba naka ba? Ka tsaya a tsakar gidana, kana kallon ɗinki a fuskata, ka ce laifina ne. Na ba ka haƙuri, Sada. Na zagi Aishatu saboda kai."

Ya ce zai yi wata a ranar, zai sayi mai da kansa. Ta ce a'a. Ta ce ya yanka haƙoran a nan, amma shayarwa a Gwaram za a yi, a gidanta.

Tana sauka daga mota ba ta shiga gida ba, gidan Aishatu ta wuce. Ta durƙusa mata a gaban 'ya'yanta ta faɗi komai, ba ta rage wa ƙaninta ko kaɗan ba. Aishatu ta yafe, har ta taya ta kuka.

Da Sada ya zo da sabuwar giya da buhun gawayi, ya tarar ta ajiye kujera 'yar tsugune a gefen wurin da za a hura wuta. Ita ta zuba man a kwano da hannunta. Ta zauna tana kallo har ƙarfe ya yi ja, ta ga ya nutse a mai hayaƙi ya tashi, ta ga an kanga shi har ya yi launin zuma. Da ya huce ta shiga ɗaki ta fito da magagarin babansu, ta bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya tana gogawa, sannan ta karɓi guduma.

"Haba Yaya," in ji Sada, idonsa ya kawo ruwa, "a gabana?"

Ba ta ɗago ba. Ta bugi kowane haƙori ta saurari amonsa, sai da ta zagaye, sannan ta ce ya ɗaura. Ta zuba masa abinci ya ci, ta ba shi ƙuli ya kai wa mai jego.

Giyar tana nan tana aiki har yau, ko gezau ba ta yi ba. Sada yana zuwa gaishe ta, duk kaka kuma tana aika wa gidansa mai kamar yadda ta saba. Matan unguwa ne dai suka rasa abin tsokana. Kwanaki wata mata daga Farin Dutse ta kawo gyaɗa, ta ga yadda injin yake juyawa sumul, ta tambaya wa ya haɗa shi, ita ma tana son irinsa. Mero ta shafa girarta, ta ci gaba da tsiyaye mai.

"Wani mai walda ne a Birnin Kudu," ta ce. "In kin kai masa aiki, ki tsaya a wurin."