Ranar Sallar da Na Kashe Layin Hajja

Edita, ina roƙon a sakaya sunana. Lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne ɗan Kano, injiniya a wani ƙaramin kamfani mai raba intanet a Maiduguri. Ban san kowa a garin ba sai abokan aiki, su ma a bakin ƙofar ofis zumuncinmu yake ƙarewa. Ina haya a Gomari, a gidan wata dattijuwa da kowa ke kira Hajja. Ba na jin Kanuri, ita kuma Hausarta sama-sama ce, amma kullum sai na tarar da kwanon abinci a ƙofar ɗakina. Don in saka mata, na ja mata layin kamfaninmu har falonta, domin sabis ɗin waya a lungunmu ba ya ɗaukar kiran bidiyo. Ɗa ɗaya ya rage mata, yana haƙar zinare can cikin hamada. Da Babbar Sallah kaɗai yake fitowa inda akwai sabis, ya kira ta ta ga fuskarsa, ya koma.

A ɗakin sabarmu, inda injinan kamfani suke, akwai manyan suwic guda biyu, wato na'urorin rarraba intanet, da muke kira ƙashin baya. Duk ƙananan suwic a jikinsu suke jone, duk saƙon da zai shiga ko ya fita ta kansu yake bi. Masu biyan kuɗin layi sun ƙaru, biyun nan sun fara nishi, sai kamfani ya sayo na uku. Ƙa'idar aikin jona shi na san ta sarai: ka adana tsohon saiti, ka sa wa kowane kebul alama, ka jona sabon ƙofofinsa da saƙo ke bi a rufe, sannan ka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya kana dubawa, wani yana gefenka. Ni kuwa da shegen rawar kai na ce a bar min aikin ranar Sallah, tunda ofisoshi a kulle suke. Gaskiyar magana, ba ni da inda zan je yawon Sallah, kuma ba na son zaman ɗaki ina jin hayaniyar gidajen mutane.

Da safe na iske Hajja ta turare falo, ta ci ado, ta jingina waya a kan filo tana fuskantarta. Ta ce min yau yaronta zai kira, in dawo da wuri mu gaisa.

Daga filin idi na wuce ofis. Ba kowa sai mai gadi da ƙarar janareta. Ɗakin sabar sanyi kamar firiji, ni kaɗai da sabuwar shaddata. Don in gama da wuri, na buɗe ƙofofin sabon suwic gaba ɗaya. Nan take ya fara jan saƙonni yana haɗiyewa, domin saitinsa bai dace da na tsofaffin ba. Cikin ruɗewa na kai hannu bayan kabad na fizge kebul, ashe na tsohon ƙashin baya na cire. Komai ya tsaya cak. Na kira ogana, wayarsa a kashe, ya tafi garinsu. Na kira abokin aikina, yana tsakiyar fiɗar rago, bai ɗauka ba. Na zauna a ƙasa ina bin kebul ɗaya-ɗaya da yatsa, duk launinsu ɗaya. A lokacin na gane wautata: ofisoshi ne ke hutu ranar Sallah, amma ranar ce kowa ke neman nasa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan yinin ba, har kuka na yi.

Sai bayan la'asar layi ya dawo. Na isa gida na tarar da Hajja a inda na bar ta, turaren ya mutu, wayar tana nan a kan filo. Ta tura min kwanon danderu, naman Sallah irin na Barebari, ta ce yaron bai kira ba, ƙila dai ya manta da ita ne. Na buɗe baki in faɗa mata, na kasa. Washegari saƙonsa ya shigo, ya ce ya yi ta kira bai shiga ba, motar komawa daji kuma ba ta jira. Hajja ta rasu kafin wata Sallar ta zagayo.

A ofis takardar gargaɗi kawai aka ba ni, kowa ya manta. Ni ne ban manta ba. 'Yan'uwana masu wannan sana'a, kada ku taɓa ƙashin baya ku kaɗai, kada ku buɗe komai lokaci guda, ku tanadi hanyar komawa baya tun kafin ku fara. Kafin ku ce yau ba kowa a kan layi, ku tambayi kanku wa ke zaune yana jira. Ni na sani, da idona na gan ta da safe, amma na tafi na yi gaggawa.