Ruhsar da Ta Shekara Goma Sha Tara a Akwati

Ni tela ne, kuma tun ina yaro nake da yawan tunanin abin da zai iya lalacewa. Idan na kulle shago sai na dawo daga rabin hanya na taɓa kwaɗon. Alwala ma nakan sake ta idan na yi shakkar ko ruwa ya kai gwiwar hannu. 'Yan gidanmu sun saba da halina, abu ɗaya ne ba su daina yi mini dariya a kansa ba, wato ruhsata, lasisina na tuƙi.

Na karɓe ta ne tun mahaifinmu yana da rai, shi ya tilasta mana koyon mota, ni da ƙanena. Wata biyu da karɓarta na kusa take wata jaka da ɗanta a hanyar kasuwa. Ban taɓa su ba, amma na sauko, na miƙa wa ƙanena makulli, ban ƙara zama a kujerar direba ba. Duk da haka, da zarar wa'adin ruhsar ya kusa cika sai in rufe shago, in je a gwada mini ido, in bi layi in sabunta ta, in dawo in naɗe ta a leda in mayar akwati. Ƙanena yakan ce, "Yaya, an fara tambayar masu keken ɗinki takarda ne?" Ni dai ba zan iya kallon takarda mai sunana ta mutu a hannuna ba.

Motar gidanmu tsohuwar boksi ce mai buɗaɗɗen baya, ƙanena ke janta. Muna da gonar riɗi wajen Gadambaliya, ita ce abincin gida uku: nawa, nasa, da na innarmu. Duk wanda ya san riɗi ya san idan ya nuna ba ya jira. Kwana kaɗan aka makara sai kwanson ya fashe, ƙwayar ta zube cikin tsagewar baƙar ƙasa, ba mai iya tsinto ta. A kwanakin yanka boksin ce ke kai ma'aikata da ruwa da abinci kullum. Idan ta tsaya, yankan ya tsaya.

Bara, ana saura kwana uku mu fara yanka, wani direba ya tsaya a ƙofar shagona bayan la'asar ya ce 'yan sandan hanya sun kama ƙanena. Ya je walimar auren abokinsa a Showak, aka ba shi aragi, giyar dabino, ya sha. Yana dawowa ya bugi durom ɗin shingen da ke bakin gari. Ba wanda ya ji rauni. An kai shi asibiti likita ya rubuta takardar cewa ya sha, aka tsare shi, motar ma aka tsare ta.

Washegari da safe na kai masa shayi da burodi ofishin 'yan sanda. Bai taɓa su ba, ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Yaya, gobe za a shiga mahkama, gaban alƙali. Kai kowa ya san ka, ba ka fashin jam'i. Ka ce ba ka taɓa sanina da wannan abin ba. Ka ce ruɗata aka yi, ban san me ke cikin kofin ba."

Akwai abin da na daɗe ina ɓoyewa. Sau biyu a wannan shekarar na ji warin a bakinsa, ban ce masa komai ba, ban kuma gaya wa kowa ba. Na ce masa zan yi tunani. Ya ce, "Kai kullum tunani. Riɗin zai jira ka gama?"

Maƙwabcinmu ya ba wata lauya hayar ɗakuna biyu, ta zo ne daga Madani da 'ya'yanta lokacin da yaƙi ya kore su. Ni na ɗinka wa yaran kayan makaranta. Ofishinta a lokacin tebur ne ɗaya a inuwar dogonyaro kusa da mahkama. Na same ta can na kwashe komai na gaya mata, har da sau biyun nan.

Ta ce, "Takardar likita tana nan, shi ma ya amsa da bakinsa tun a shinge. Ƙaryarka ba za ta goge ko ɗaya ba, sai dai ta jawo ka ciki. Bulala ba ni da iko a kanta. Abin da zan roƙa shi ne kada a ɗaure shi, ruhsar kuma a riƙe ta na wani lokaci, kada a soke ta gaba ɗaya. Kai za ka shaida cewa shekara goma sha tara yana tuƙi bai taɓa buge kowa ba. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, ustaza. Amma idan alƙali ya tambaye ni ko ya taɓa sha fa?"

"Sai ka faɗi abin da ka sani."

"Idan abin da na faɗa ya sa aka ɗaure shi fa?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ka zo da takardar shaidarka gobe, ka kuma ci abinci kafin ka zo."

Da na dawo gida na buɗe akwati, na rasa wace takarda take nufi, sai na kwashe su duka na zuba a aljihu. Innarmu tana zaune a tabarma tana kallona. Ba ta tambaye ni abin da zan faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Ka dawo mini da shi."

Ranar shari'a sau uku na yi alwala a famfon mahkama, saboda na san zan ɗora hannu a Alƙur'ani. Lauyar ta yi magana a natse. Ta nuna ruhsar ƙanena ba tabon laifi ko ɗaya, ta ce ba a ji wa kowa rauni ba, ta ambaci gida uku da gonar. Sannan aka kira ni, na rantse, na faɗi abin da muka yi da ita. Ina shirin komawa mazaunina alƙalin ya ɗago kai.

"Kafin wannan rana, ka taɓa saninsa da sha?"

Na ce, "Ban taɓa ganinsa da idona ba, maulana. Amma sau biyu na ji wari a bana."

"Me ka yi?"

"Ban yi komai ba. Tsoron fushinsa na ji. Wannan laifina ne."

Ƙanena ya sunkuyar da kai. Alƙalin ya daɗe yana rubutu, ni kuwa na riga na gama ganin gidan yari a raina, har da abin da zan gaya wa inna. Da ya karanta hukuncin, bulala ce da tara, ruhsa a riƙe wata shida, babu ɗauri. Ya ƙara da cewa gidan da ake iya faɗin irin wannan gaskiya a cikinsa zai iya tsare ɗansa. Motar kuma a miƙa ta ga ɗan'uwa mai ruhsa.

Ban shiga wurin da aka yi masa bulalar ba, a waje na jira. Lauyar ta fito ta ce in nemi direba da gaggawa. Na san ba za a samu ba, a kwanakin yanka duk wanda ya iya riƙe sitiyari an riga an ɗauke shi. Na sa hannu a aljihu na fito da ledar, na miƙa mata. Ta juya ruhsar gaba da baya ta duba ranar ƙarewa.

"Wannan ai da ranta. Ka iya mota?"

"Na taɓa iyawa."

Ɗan sandan da ke tsaron motoci ya karɓa, ya dubi hoton ya dube ni, ya ce bai taɓa ganin ruhsa mai tsabta irin wannan ba, kamar yau aka buga ta. Na zaga motar sau biyu ina danna tayoyi. Ƙanena ya shigo ya zauna a gefena, ya dafa gaban motar da hannu biyu don bayansa ba ya jinginuwa. Bai kalle ni ba. Na tayar, ta yi tsalle ta mutu. Na sake, ta sake mutuwa. A na uku ya ce, idonsa a kan titi, "Saki kulocin a hankali. Ai kamar fedar kekenka ne." Muka fita daga harabar. Har gida ban wuce giya ta biyu ba, amalanken jaki ma ya wuce mu.

Da sassafe muka ɗauki ma'aikata tara da durom biyu na ruwa muka kama hanyar Gadambaliya. Ina riƙe da sitiyari har yatsuna suka sage. Ina jin su a baya suna raha, ɗaya ya buga rufin motar ya ce, "Ya usta direba, mu sauka mu yi gaba mu jira ka a can?" Wani ya ce a bar ni, tun da yake bai taɓa shan shayi a bayan boksi bai zube ba sai yau. Mun isa rana ta ɗaga. A gefen gabas riɗin ya fara fashewa, wannan yankin mun yi asararsa. Sauran gonar duka mun yanke ta cikin kwana goma sha ɗaya, kuma kowace rana ni na kai su, ni na dawo da su.

A rana ta huɗu, bayan mun sauke ma'aikata, muna dawowa ni da ƙanena kawai, na tsayar da motar a gefen hanya na kashe ta. Na gaya masa abin da ya kamata in gaya masa tun warin farko, ban rage komai ba. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Ka tona ni gaban alƙali, Yaya." Na ce na sani. Sai ya ce in tayar mu tafi, in kuma daina taka burki a cikin yashi.

Ba zan ce na san abin da ke zuciyarsa ba, kuma har yau idan ya dawo daga tafiya nakan matsa kusa da shi wajen gaisuwa. Ya san dalili, yakan tsaya ya bar ni. Ban sake jin warin ba.

Da wata shida suka cika ni na kai shi ya karɓo ruhsarsa. A ƙofar ofishin na miƙa masa makulli, ya ƙi karɓa, ya ce in ƙarasa da mu gida tunda ni na kawo mu. A hanya na saka giya ta huɗu, ban gaya masa cewa wannan ne karo na farko ba. Tawa ruhsar yanzu tana aljihun gaba na jallabiyata, gefenta ɗaya ya fara lanƙwashewa, kuma nakan taɓa ta sau da yawa a rana in tabbatar tana nan.