Ranar da Na Yi wa Kwamfuta Fifita

Jama'a a saurara, ga muhimmiyar sanarwa: na janye zargin da na ɗora wa zafin garin Tawa tun ƙarshen shekarun 1990.

Kwamfuta ɗaya tal gare mu a ofis, kuma sunayen manoman garin Barmu da za a raba wa irin gero duk suna cikinta. Wata rana gilashinta ya fara fitar da zane kore da ja.

Madam Rabi, sakatariyarmu, mai kirana "Mushe" irin na Faransanci, ta ce, "Mushe Idi, kashe ta! Katin hoton da ke cikinta na. In ya ƙone, tahiya zai yi da babban allon da yake bisa."

Na ce, "Madam, littahi nawa kika karanta? Zahi na kawai."

Na ɗauko mafici ina yi mata fifita kamar amarya, na ƙara da mari biyu irin na talabijin. Kwana uku tana aiki, ina taƙama. A na huɗu sai ƙauri.

Mai gyara ya ce katin ya ƙona allon da ke riƙe da kayan cikinta gaba ɗaya. Allah ya so, ina can ina fifita, Madam ta kwafe sunayen da hannu.

Akwai wanda ya taɓa yin irin wannan, ko ni kaɗai ne? Madam Rabi, ke ce da gaskiya.