Tayar da Ban Duba Ba

Muna hawa gadar Wudil jiya na ji motarmu ta fara tangaɗi, sai ƙara kamar ta bindiga. Taya ce ta fashe. Da na hango ruwa ta taga, Baffa ne ya faɗo min a rai, yayan mahaifina da ya rasu bara.

Tsohon malamin Turanci ne. Idan ya raka ni tasha, sai ya zagaye mota yana danna kowace taya da babban yatsa, warin man zafi na tashi daga rigarsa, direba na tsaki. Ni kuwa in rufe fuska da gyale.

Wata rana ya rubuta wa mai facin unguwarmu allo, ya sa tyre. Na zaro waya na ce, "Baffa, tire ake rubutawa yanzu, an wuce zamaninku." Mutanen wurin suka yi masa dariya.

Ya ce, "Wannan na Amurka ne, 'yata, namu na Ingila. Su can, kalmar taya da ta gajiya rubutu ɗaya suke musu. Rubuta wanda kike so, amma ki duba ta kafin ki hau."

Har ya rasu ban ba shi haƙuri ba. Jiya ma ban duba tayar ba.

Motar ta gogi ƙarfen gada ta tsaya. Wata dattijuwa ta kama hannuna ta ce, "Saki kujerar, yarinya, mun tsira." Allah Ya yafe min, Ya yalwata kabarinka, Baffa.