Sifanar da na ɓoye a akwatin Malam

Shin ya gane ni na sa ta, ko kuwa da gaske ya ɗauka tasa ce ya manta? Shekara takwas muka ƙara tare bayan abin, ban tambaya ba, bai faɗa ba. Ni ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubuta min, in kun ji na tsaya, kuka ne.

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Biafra ta Treichville, maigidana yana da wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, yana ɗaukar wa 'yan kasuwa kaya daga bakin ruwa zuwa Adjamé. Ba ya yarda kowa ya yi mata juyen mai sai shi. Filtar mai kuwa da hannu yake kwance ta, ya naɗe tsumma ya murɗa sau ɗaya. In ya ga wani da sifana sai ya ce, "Wannan hannun cin shinkafa gare shi."

Wata Alhamis da safe ya tsiyaye baƙin mai a kwano, ya kai hannu ga filta, ta ƙi. Ina wanki ina kallo ta gefen ido. Ya sake tsumma, ya sake tsayuwa, har hantsi. Yatsunsa sun daɗe suna ciwo, ni na sani, don ni nake ɓalle masa maɓallin riga. Sai ga babban ɗanmu.

"Papa, ça suffit, ya isa haka. Lahadi zan kawo makanike. Motar ma a sayar da ita ka huta."

Malam ya rufe bonet, ya shiga ɗaki ya ce zazzaɓi yake ji. Ko tuwo bai taɓa ba. Na san in wani ya kwance filtar nan a gaban mutanen gida, ba zai sake riƙe makullin motar ba.

Washegari na ce za ni kasuwar Marché Gouro sayen doya. Na ɗauki sabuwar filtar da ya ajiye na ƙulle a ɗankwali, na hau gbaka, motar haya. Ni da ban san gaban inji da bayansa ba, na shiga layin masu kayan mota a Adjamé da kwandon cefane. Allah ya haɗa ni da wani dattijo mutumin Maraɗi.

"Hajiya, kin ɓata hanya ne? Masu tumatir suna can."

Na kwance ɗankwali. "Abin da ake kwance wannan nake so. Wanda mai ciwon hannu zai iya."

Ya zube min iri uku. Ɗaya kamar murfin kwano, ya ce sai ta dace da filtar daidai, kuma sai an haɗa da wani ƙarfen. Ɗaya mai ɗamarar roba. Ɗaya mai sarƙa irin ta keke. Ya ce in ɗauki mai robar, ta fi kyau.

"Alhaji, ko doya sai na ƙwaƙule ta da farce. Ina zan gwada?"

Maƙwabcinsa yana da injuna a zube a ƙasa. Na sa suka nuna min filta irin tamu a jikin ɗaya, na shafe ta da mai, don haka na ga tamu take. Na ɗaura gyale a ƙugu na durƙusa. Mai robar sai zamewa take. Samari suka taru suna ta dariya, "Allez, la vieille! Yi dai, tsohuwa!" Na kama mai sarƙar da hannun hagu, da yatsa uku kawai, yadda na san nasa za su iya. Na danna, filtar ta juya. Na auna mariƙin da kamu ɗaya, don na sha ganin hannun Malam yana shiga wurin har gwiwar hannu.

Dattijon ya daina dariya. "Allah ya ba maigidan lafiya," ya ce.

Saura yadda zan ba shi. In na miƙa masa, na ce masa ya tsufa ke nan. Sai na tsoma ta cikin kwanon baƙin man nan, na goge ta da toka da yashi har ƙyallinta ya mutu, na cusa ta can ƙasan akwatin kayan aikinsa lokacin da ya tafi masallacin la'asar. Farcena ya yi baƙi ƙirin, sabulu ya kasa, dole na ƙunsa lalle. Doya kuwa na manta ban sayo ba.

Ran Asabar na ce ya duba min ƙusa a akwatin. Can sai na ji ƙarar bonet. Kafin in gama dama koko ya leƙo da tsohuwar filta a hannu, fuskarsa kamar ta ango.

"Hajiya, ashe ina da wannan tun tuni."

"Kai ka san kayanka, Malam."

Ya dubi hannuna. "Lalle ba biki?"

"Ra'ayi ne."

Ya yi murmushi ya sha koko kofi biyu. Lahadi makanike ya zo ya tarar ba mota, tana Adjamé da kaya.

Abin da na koya bai da yawa. Akwai taimakon da in ka yi sai ka ɗauke kanka daga wurin. Amma wani lokaci ina jin da ma na tambaye shi, mu yi dariyar tare.

Ranar da zai rasu yana kwance, taga a buɗe, ɗan namu yana yi wa motar juyen mai a ƙofar gida da sifanar nan a hannu, don shi ma ya ƙi sayar da motar daga baya. Malam yana saurare, ido a rufe. Ya taɓa hannuna ya yi magana, na fita na isar da saƙo. Da na dawo bai sake cewa komai ba har Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa. Abin da ya ce shi ne:

"Je ki gaya masa, kwancewa kawai ake yi da ita. Ɗaurawa da hannu ne, a hankali."