Hannun Kaka a Gefen Hoto

Abin da na fara lura da shi a ɗakin kwamfuta na makarantarmu a Rano shi ne harufan madannai da suka goge, wani ya bi ya sake rubuta su da jan farce. Na zauna can baya, kusa da taga.

A ranar, malamarmu tana koya mana yadda ake yi wa ma'ajiyar intanet tambaya da 'yan layukan rubutu, ita kuma ta amsa. Ta ce duk fayil a cikin folda yake zaune, kuma yana riƙe da lambar foldar da ta ɗauke shi.

Nan take na tuna wani hoto. Bayan rasuwar kakata, yayana ya turo mini shi ta imel ɗin makaranta. A wani taron suna aka ɗauka a Kibiya. Mai jego ce a tsakiya, amma a gefe ga hannu riƙe da ƙwarya, da zoben azurfa da ƙaramin yatsa lanƙwasasshe. Hannun Kaka ne. Ba mu da hoton fuskarta ko ɗaya, don ba ta yarda a ɗauke ta. Na ce a raina, ai mai hoto ba ya ɗaukar guda ya tafi. Sauran suna ina?

Da aka ce kowa ya gwada da fayil ɗin darasi, sai na kwafo lambar hoton daga imel ɗin na saka. Amsa ta fito da sunansa da girmansa da lambar foldarsa. Na tambayi foldar, aka ce ba ni da izini.

Ashe malama na tsaye a bayana.

"Ke sarkin shiru, wannan ba aikin da na bayar ba ne. Hoton saurayi ake nema?"

'Yan aji suka yi dariya. Na nuna mata hannun, na ce na kakata ne. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora yatsa a kan layin ƙarshe na bayanin hoton.

"Ga mai foldar nan. Shagon hoto ne a Kibiya. Shi kaɗai zai iya buɗe miki."

Ranar kasuwa yayana ya goya ni a babur. Mun tarar da mai shagon, wani dattijo, yana ɓare gyaɗa a bakin ƙofa. Na laɓe a bayan yayana, shi kuwa ya matsa gefe.

"Ke kika gano, ke za ki faɗa."

Na durƙusa na gaida dattijon, na miƙa masa wayar yayana, hoton a buɗe.

"Baba, don Allah a buɗe mini foldar taron sunan nan. So nake in duba ko akwai inda tsohuwa mai ƙwaryar ta juyo."