Ranar da Buhu Ya Ari Tumbi

Ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Buhu ake ce masa, don in ya zauna a benci sai benci ya yi kuka. Shekara talatin yana gyaran ƙafar mota a gareji ɗaya, kusa da shagon amininsa Tela. Haƙorinsa na gaba ma sifirin ne, naɗaɗɗen ƙarfen nan na ƙafar mota, ya fizge shi tun yana saurayi, shi ya sa har ya tsufa ba ya kwance sifirin sai ya matse shi ya sake dubawa.

Dokarsa biyu ce. Shokazoba, mai hana mota tsalle, ba a canza ɗaya a bar ɗaya. "Ka taɓa sa wa ƙafar dama sabon takalmi ka bar ta hagu?" Sannan in ya gama, sai ya danna gaban motar da ƙirjinsa ya saki. Ta taso sau ɗaya ta tsaya, aiki ya yi. Yakan shafa cikinsa ya ce wannan na'ura ba a sayar da ita a kasuwa.

Sai ciwo ya zo ya zazzage buhun. Likita ya sa ranar da za a yi masa aiki, a wani asibiti mai nisa, hanya duk ramuka. Motar da za ta kai shi ta Tela ce, wadda ke tsalle kamar kwaɗo.

"Ba ni shiga wannan," in ji Buhu. "Kafin mu isa hanjina ya dawo wuya. Sai na gyara ta."

Matarsa ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah, da ƙyar fa kake tsayuwa."

"Bakina ai bai kwanta ba."

Aka ajiye masa kujera a gareji, Tela ya riƙe sifana. Aka ɗaga mota, aka cire tayoyin gaba.

"Matse sifirin ɗin tukuna! Ko haƙoranka sun yi maka yawa? Kai, ba maɓalli kake ɗinkawa ba, ɗaure da ƙarfi!"

Sai da rana ta karkata aka gama canza shokazoba biyun, aka sauke motar. Buhu ya miƙe, ya dafa gabanta ya danna. Ko motsi ba ta yi ba. Ya sake dannawa. Tela ya juya baya yana neman wani abu da bai ɓata ba.

Can sai Buhu ya yi dariya, giɓinsa a waje. "Zo nan, ɓarawon zare. Ara mini tumbinka."

Suka danna tare, kafaɗa da kafaɗa, suka saki. Ta taso sau ɗaya, ta tsaya cak.

Washegari ya yi barci a hanya, bai ji rami ko ɗaya ba. Da suka isa ya buɗe ido ya ce, "A aikin tela dai, ba laifi."

Bai dawo a motar ba. Allah ya jiƙan Buhu. Har yau Tela ba ya shiga motar da safe sai ya danna gabanta, ya jira ta tsaya.